Na Datse Wayar Maƙwabta, Kuma Ba Zan Durƙusa Ba

Anti Kubura,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, amma tun farko bari in faɗa miki abin da ba na so: kada ki ce mini in yi haƙuri. Na ji shi daga bakin maigidana, na ji shi daga bakin mai gidan da muke haya, har mai sayar mini da leda a kasuwa ya ce in yi haƙuri, shi da ko labarin bai ji daidai ba. Idan haƙuri ne kaɗai a jakarki, ki ajiye wasiƙar nan ki ɗauki ta wata.

Ni matar aure ce a Kpakungu, nan Minna, da 'ya'ya uku. Muna zaune a gidan haya irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Sana'ata zoɓo, kunun aya da ƙanƙara. Duk wadda ta san wannan sana'a ta san firiza ita ce shagon, ranar da ta yi ɗumi an tashi kasuwa. Ga mu kuma a jihar da ake cewa daga nan ake ba ƙasa wuta, amma mu sai dai mu ga ƙwan ɗaki ya yi ƙyaf ya mutu. Shi ya sa da na kwashi adashina ban sayi atamfa ba, ban sayi ɗan kunne ba, na je na ɗauko janareta ja, wanda aka rubuta 2.5 da manyan baƙaƙe a jikinsa. Da gumina na saye shi, kuma Baban Amir, wato maigidana, ba zai musa wannan ba.

Sai na ba ki labarin Mama kafin ki gane inda abin yake yi mini ciwo. Maman Rachael ake ce mata, ɗakinta ne ke kallon nawa. Kirista ce, ita da mijinta Baba Kolo, kuma sun riga kowa shiga gidan. Daga Wushishi aka kawo ni garin nan, ban san kowa ba, mahaifiyata kuma ta rasu tun ina budurwa. Da na haifi Amir, Mama ce ta dafa mini ruwa ta yi mini wankan jego har na yi arba'in, ita ta dama mini kunun kanwa, ita ta gasa cibiyar yaron. Ba wanda ya roƙe ta. Da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji, yarona take kira na, ni kuwa har raina nake jin daɗin sunan. Bara Baba Kolo ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, tun daga nan yake kwance, sai an tayar sai an kwantar.

To, da zafin bana ya shigo, kin dai san zafin Minna, wanda ko bango ka jingina da shi sai ka zabura, sai taransifomar layinmu ta lalace. Aka shiga yau za a gyara, gobe za a gyara. Wata rana na leƙa gaida Baba na tarar bayansa duk ƙuraje, zanen gadon sharkaf. Ban shawarci kowa ba, na sa aka ja waya daga janaretana zuwa ɗakinsu, fanka ɗaya da ƙwai ɗaya. Ni na kai, ba su nema ba. Ina so ki riƙe wannan, domin yanzu ana yawo da ni a unguwa wai ni marowaciya ce, mai hana maƙwabci haske.

Ashe waya ma tana haihuwa, Anti. Ban san ranar da aka fara ba. Na dai lura in na tayar da inji, ɗakunan da ban ba wuta ba suna haske ta ƙasan ƙofa, har da sautin talabijin. Da na bincika sai na gane ta cikin silin aka bi, daga ɗakin Mama aka jona zuwa na kusa, na kusa ya jona wa na gaba. Wai kowa ya je ya durƙusa wa Mama, cajin waya kawai zai yi, ita kuma bakinta bai iya a'a ba. Ba wanda ya zo wurina, domin sun san abin da za su ji. Sun ga banza ta faɗi, suka bi ta ƙofar da ba ta da sakata.

Na yi shiru saboda Mama. Amma shi inji bai yi shiru ba. Sai ka ji yana tafiya lafiya lau, can sai muryarsa ta yi ƙasa, ya riƙa gurnani kamar tsohon da aka ɗora wa buhu, ƙwai ya dushe, sai ɗan makunnin nan na jikinsa da ake kira bireka ya faɗi, komai ya mutu. In fita in tayar da shi, in dawo ban gama ƙulla leda biyar ba ya sake faɗuwa. Na gaji, na kira Ɗayyabu, mai gyaran janareta a bakin titinmu. Ya duba ya ce birekar ce ragguwa, irin ta zamani ce mai tsoro. Ya cire ta ya haɗa wayoyin kai tsaye, ya murɗa wani ƙusa ya ƙara wa injin gudu. Wallahi tun daga ranar bai ƙara katse mini aiki ba, kome aka ɗora masa sai dai ya yi kuka ya ci gaba. Na ce madalla, an rabu da Bukar. Kin ga ke nan ni ta ɓangarena na yi abin da ya kamata, har gyara na yi don kowa ya sha.

Sai ranar wata Juma'a da hantsi. Na karɓi aikin walima a Ketaren Gwari, firiza cike maƙil da kunun aya da zoɓo, ina tsaye ina markaɗa sauran ayar a bilenda. Yadda na saba, komai a jone yake tun kafin in ja igiyar inji, don ba ni da lokacin bin soket ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji injin ya canza murya, irin wadda ban taɓa ji ba. Kafin in ajiye abin da ke hannuna wari ya iso ni, warin roba mai ƙonewa. Na fita da gudu na tarar hayaƙi na fita ta gefensa, ya yi tari ya yi shiru. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Ya tashi daga baya, amma ko ƙwai ɗaya bai kawo ba. Koyil, wato naɗin wayar cikinsa mai ba da wuta, ya ƙone.

Ban tsaya kuka ba. Na bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya ba sallama. A ɗakin Abdulwasiu, wani ma'aikaci da ke ƙuryar gidan, na tarar da shi da dutsen guga a hannu, yana goge kaftanin masallaci, har yana tambayata wai me ya sami wutar. A ɗakin Testimony, wata ɗaliba, na tarar da tukunya a kan rishon lantarki. Wake take dafawa, Anti. Wake! Abin da ko a kan itace sai ya ga dama yake nuna, shi aka ɗora wa janaretana saboda gas ya yi tsada. Ni ce gas bai yi wa tsada ba ke nan, ni da fetur ɗina?

Kin san kunun aya ba ya jiran kowa. Na zaga neman mai firiza da wuta ban samu ba, kafin la'asar ya fara tsami, da hannuna na tuttular da shi a kwata. Matar da ta ba ni aikin ta faɗa mini maganar da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Da na dawo daga ba ta haƙuri, tura ta kai bango. Na ɗauki filaya na datse wayar daga tushe, na finciko ta, na naɗe, na jefar a tsakar gida. Kuma na yi magana, ba zan ɓoye miki ba. Na ce gidan nan ba mutane a ciki sai 'yan a-ci-bulus, masu raɓewa da mara lafiya su yi sata. Na ce daga yau ko wani zai narke a ɗakinsa, ba ruwana. Da na juya sai ga Mama tsaye a bakin ƙofarta, tana riƙe da kwanon da take ba Baba abinci. Sai ta koma ciki ta saki labule.

Ba da ita nake ba, Allah ya sani. Amma kuma ai ta ɗakinta aka bi. Da ta faɗa mini tun farko, ko ta ce musu su zo wurin mai abu, da duk haka ba ta faru ba. Babba ce, in ta tsawata a gidan nan ba mai ɗaga kai. Me ya sa ni kaɗai za a ce na yi laifi?

An naɗa mini sabon koyil, inji ya dawo aiki, kuma ni kaɗai nake shan abina. Abdulwasiu ya koma dutsen gawayi, ga shi bai mutu ba. Testimony in ta gan ni sai ta kau da kai, ko a jikina. Matan gidan sun daina zama a ƙofata, an rage mini gulma. Wanda duk ya ɗebo da zafi, bakinsa. Abin da ya tsaya mini a wuya ɗaya ne. Kullum da rana in injina na ruri, Mama tana zaune a bakin gadon Baba tana yi masa fifita da yankin kwali, in hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Ina ganinta ta tsakanin labule. In na gaishe ta tana amsawa, har ta tambayi yara. Amma Maman Amir take ce mini yanzu, kamar yadda kowa ke faɗa. Rannan na aika mata zoɓo mai sanyi, ta karɓa ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Shekaranjiya kuma 'yarta Rachael ta zo, na ji tana gaya wa mai gidan cewa ƙarshen wata za ta kwashe iyayenta su koma wurinta, wai zafin ɗakin zai kashe mata uba. Ta faɗa da ƙarfi don in ji, kuma na ji. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Baban Amir direba ne, sai ya yi kwanaki a hanya, bai ga komai da idonsa ba, amma ya dawo yana yanke hukunci. Wai in tara mutanen gidan in ba su haƙuri, in mayar da waya yadda take, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce shi ya je ya durƙusa, tunda gwiwarsa ba ta ciwo. A ƙona mini inji, a zubar mini da mutunci a wurin mai ciniki, ko sannu ba wanda ya ce mini, sannan ni zan bi su da ban haƙuri? Idan na mayar da wayar nan, na rantse kafin sati waken Testimony ya koma kan wuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ga abin da nake so. Ki faɗa a fili, a shafinki da suke karantawa, cewa ni ce da gaskiya. Ki gaya mini yadda zan yi injina kada ya sake ƙonewa. Sannan in kina da dabarar da za ta hana Mama barin gidan nan da ni a ranta, ba tare da na sunkuyar da kai ga waɗancan ba, ina saurare. Sunayensu na gaskiya na rubuta, wanda ya ga kansa ya gani.

Taki,
Mai Zoɓon Kpakungu

*

Mai Zoɓo,

Wa alaikumus salam. Sunayen dai na canza su, domin shawara kika nema, ba sammaci ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba zan ce ki tara gida ki durƙusa ba. Wanda ya ja wuta ta silin bai tambayi mai inji ba, ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, shi ya sa bai bi ta ƙofarki ba. Abdulwasiu da Testimony su ke da bashin ban haƙuri a wuyansu, ba ke ba. Kina da iko ki hana su, yau da gobe. A nan kin yi gaskiya, ga shi na faɗa a fili.

Amma laifi tudu ne. Kin ba ni labarin Ɗayyabu kina murna, ni kuwa a nan na dafe kai. Birekar nan ba ragguwa ba ce, aikinta take yi. An sa ta ne don in kaya ya fi ƙarfin inji ta katse wuta kafin koyil ya yi zafi ya ƙone. Duk faɗuwar da take yi, gaya miki take yi a rage kaya. Kika sa aka cire mai gadi don yana yawan tashinki daga barci. Da tana nan ranar Juma'ar, da abin da zai faru bai wuce ta faɗi ba, ki fita ki yi masifarki, ki tayar da ita, kunun ayarki na nan lafiya. Dutsen guga da risho su suka kawo nauyin, amma hannun da ya cire birekar da izininki ya yi. Ba ki ce mini an mayar da ita bayan naɗin koyil ba. In ba a mayar ba, ki kashe injin nan har sai an sa sabuwa daidai da ƙarfinsa, a kuma mayar da gudunsa yadda masu ƙera shi suka saita. Ƙara wa inji gudu ba ya ƙara masa ƙarfin ɗaukar kaya, sai dai ya jefa firizarki da fankokinki cikin haɗari. Ki nemi wani mai gyaran, ba wancan ba.

Yanzu ga yadda za ki san iyakarsa. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ta talla ce, yawanci abin da inji zai iya ɗauka na ɗan lokaci kaɗan ke nan. Ki duba ƙaramin rubutun da ke liƙe a gefensa, za ki ga ta aikin yau da kullum, wadda a irin naki ba ta cika wuce wat dubu biyu ba, wat kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Ita ma kada ki cika ta, ki bar masa wurin numfashi, ki tsaya wajen dubu ɗaya da ɗari shida. Kowane kayan wuta kuma an rubuta abin da yake ci a bayansa ko a ƙasansa. Firiza irin taki tana cin ɗari biyu zuwa uku in tana tafiya, amma a daidai lokacin da injinta zai tashi takan fizgi ninki uku ko fiye, kuma ita ke tashi da kanta ba ta sanar da kowa, don haka kullum ki ajiye mata wannan gurbin. Bilenda wajen ɗari biyar. Duk abin da aikinsa yin zafi ne, dutsen guga, risho, hita, butar lantarki, kowannensu dubu ne ko sama. Kin ga guga da wake kaɗai sun cinye injin, tun kafin a zo kan kayanki.

Sai halinki na jan igiya komai na jone. Ki daina. Ki zare komai, ki tayar da inji, ki bar shi ya ɗan daidaita, ki fara jona firiza ita kaɗai. In kin ji muryarsa ta koma daidai, sai ki ƙara na gaba, ɗaya bayan ɗaya. In za ki kashe, ki fara cire kayan. In wuta ta katse wa firiza, ki ba ta 'yan mintoci kafin ki mayar. Kunnenki kuma ya riga ya san muryar injin nan: da zarar ya yi gurnani, ko ƙwai ya dushe, ko kin taɓa waya kin ji ɗumi, rage kaya nan take. Kuma ya zauna a fili inda iska ke wucewa, nesa da tagar kowa, saboda hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani.

Na yi miki wannan lissafin ne don in kawo ki wuri ɗaya. Fankar Baba Kolo da ƙwansa, in an haɗa, ba su kai wat ɗari ba. Ko a jikin injinki. Mutumin da bai iya ɗaga hannu ya jona komai ba, shi kaɗai ne a gidan nan yake biyan tarar da kika yanke. Abdulwasiu ya sami gawayi, Testimony ta sami inda za ta dafa wakenta. An bar jaki ana dukan taiki.

Ita ma Mama tana da nata. Bai kamata ta ba da abin da ba nata ba, kuma ya kamata ta sanar da ke. Amma ki duba inda ta fito. Ta taso a zamanin da maƙwabciya ke shigowa da kasko ta ɗebi garwashi a murhunka, kuma ba a taɓa jin wanda ya hana ba, domin abin da aka ɗiba ba ya rage maka komai. Da wannan idon take kallon waya. Kin taɓa zaunar da ita kin ce, Mama, wannan igiyar fanka da ƙwai kawai za ta iya? Kin ga haske a ɗakunan da ba ki ba wuta ba, kika yi shiru kina tarawa, har ranar da kika fashe. Kawaicin da kika yi don ita, ƙarshe a kanta ya sauka.

Ga dabarar da kika nema. Ki samo mai aikin wayarin na kirki ya ja sabuwar waya mai kyau zuwa ɗakin Baba, a fili inda ido ke gani, ba ta silin ba. A tushenta, ta wajenki, ya sa mata ƙaramar bireka tata ta kanta, mai amfiya biyu, a cikin akwati mai makulli. Wannan za ta ɗauki fanka da ƙwai da cajin wayar Mama hankali kwance. Ranar da wani ya saci hanya ya jona dutsen guga, ba da jimawa ba za ta faɗi, layin kaɗai zai mutu, injinki da firizarki ba abin da zai same su, kuma kowa zai san dalili. Ke ba ki yi faɗa ba, Mama ba ta ce a'a ba, ƙarfe ya faɗa a madadinku. Ki sa mai gidan ya sanar da sauran cewa layin mara lafiya ne, wanda ya taɓa shi ya kashe wa Baba fanka. Ba na jin akwai mai son a san shi da wannan.

Amma kada ki fara aika mai wayarin. In waya ta riga ki shiga ɗakin, za ta zama sadaka, kuma mace irin Mama za ta iya cewa a bar shi, an gode. Ke za ki fara shiga, ke kaɗai, ba zoɓo ba rakiya. Ba kan injin za ki ba da haƙuri ba, ba kuma kan hana waɗancan ba. Kan magana ɗaya ce: kin ce ko wani zai narke a ɗakinsa ba ruwanki, a gaban matar da mutum ɗaya ne take da shi mai narkewa a ɗaki. Kin ce ba da ita kike ba, na yarda, amma kunnenta ne ya ji, kuma magana zarar bunu ce. Ki faɗa mata hakan ba tare da kin haɗa da amma ba. Maganar silin ki bar ta sai wani zaman, in ma ba ita ta fara ɗauko ta ba. Wannan ba sunkuyar da kai ga 'yan gida ba ne. 'Ya ce ta shiga wurin uwarta, kuma ba wanda ya isa ya yi miki dariya a kai.

Ban yi miki alkawarin za su fasa tashi ba. Mai yiwuwa gidan Rachael ya fi wa Baba sauƙi, kuma 'ya tana da hakkin ɗaukar ubanta. In haka ta kasance, ki taya su ɗaure kaya, ki raka su, ki san ƙofar da za ki riƙa kai yara gaisuwa. Tashi daga gida ba shi ke raba mutane ba, abin da aka tafi da shi a zuci ne.

Abu ɗaya kawai nake roƙonki, kada ki jira ƙarshen wata, kada ma ki jira sai Baban Amir yana gida. Tsoho ne mai shanyewar jiki a cikin zafin da ke kayar da masu lafiya. Kina da gaskiyarki, kuma za ta jira ki har shekara mai zuwa ba ta lalace ba. Shi ban sani ba ko zai jira. In wani abu ya same shi a ɗakin nan kina tsallaken tsakar gida da inji yana ruri, za ki shiga wurin Mama dole, ki zauna a tabarma cikin masu gaisuwa, kuma abin da za ki faɗa mata ranar ba zai ƙara amfanar kowa ba. Ki shiga yau.

Allah ya ba Baba Kolo sauƙi, ya huci zuciyar Mama, ya sa albarka a sana'arki.

Anti Kubura